Malama Rabi, Wadda Ta Ɗauki Ƙwaryar Innata

Ranar Talata da hantsi ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Rabah, wayata ta yi ta girgiza cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma da kiran ya shigo karo na uku sai na leƙa. Maryam ce, babbar 'yar Malama Rabi. Na fita baranda na ɗauka. Ba ta tsaya amsa sallamata ba, ta ce, "Hadiza, Mama ta cika, yanzu ga asibiti. Bayan azahar za a kai ta."

Na ce daga Allah muke, gare shi muke komawa, na maimaita har bakina ya daina fitar da sauti. Na koma aji na tarar yara sun zuba mini ido, alli na hannuna, na kasa tuna abin da nake rubutawa. Na nemi izini, na hau kabu-kabu zuwa Wurno. Na samu an gama mata wanka, an naɗe ta cikin likkafani. Na durƙusa gefenta na yi mata addu'a, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantarta. Matar da muryarta ke cika aji har ta tsallaka maƙwabcinsa, ashe jikinta bai wuce haka ba.

Mutane da yawa a Wurno sun san ta a matsayin malama mai faɗa, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni kuwa akwai abin da na sani game da ita wanda nake jin nauyi ne a kaina in rubuta, domin in ba don ita ba, da yanzu ban san a wace ƙasa nake ba, ko kuma ina raye.

Ni 'yar makiyaya ce. Rugarmu tana kan hanyar Sisawa, a nan aka haifi mahaifina, wanda muke kira Baffa, a nan aka binne kakana. Da na gama firamare, Innata ta dage sai an sa ni ƙaramar sakandaren 'yan mata a Wurno. Da nonon da take kaiwa kasuwa ta ɗinka mini kayan makaranta. Ranar farko, wata gajeriyar mata baƙa mai tabarau ta shigo ajinmu da rajista, ta fara kiran suna. Da ta iso wani layi sai ta tsaya, ta ɗago kai.

"Wace ce Hadiza Bahillata?"

Na miƙe, 'yan aji suna dariya ƙasa-ƙasa.

"Ke, babanki ba shi da suna?"

Na ce, "Buba."

"To mi as sa anka rubuta haka?"

Ta ciro jan biro ta soke kalmar, ta rubuta Hadiza Buba, ta kira shi da ƙarfi sau biyu har na amsa. Daga nan ta ɗauki rajistar ta tafi ofis, muna jin muryarta daga inda muke. Wannan ce haɗuwata ta farko da Malama Rabi.

Darasin zamantakewa take koyar da mu. Ba ta zama idan tana koyarwa, ba ta kuma yarda a zauna inda aka ga dama. Duk bayan mako biyu sai ta sauya mana wurin zama, ta haɗa 'yar mai sarauta da 'yar wanzami, 'yar ɗan kasuwa da ni. Idan wata ta ɓata rai sai ta ce, "Wadda duk kika raina, ki zauna kusa da ita mako biyu tukuna, sannan ki zo ki hwaɗa mani mi kika raina." Mun ji haushin wannan tsari ƙwarai, har da ni, domin na fi son kujerar baya inda ba mai cewa ina warin nono.

A aji biyu muka iso babin da ke magana kan wariya. Ta ba mu labarin ƙasashe masu nisa inda aka raba wa mutane makaranta da mota da wurin shan ruwa saboda launin fatarsu, da yadda talakawa suka haɗa kai suka ƙi, aka daka su, aka ɗaure su, ba su fasa ba. Ajin ya ɗauki zafi. 'Yan mata suna tsaki, suna cewa Allah ya isa. Ta bar mu muka gama, sannan ta jingina da allo ta ce, "Madalla, kun ji haushi. Yanzu ku hwaɗa mani, a gidajenku, wa aka ba ruwa cikin kwano daban? Wa aka cewa ba a ba su aure?" Kowa ta san amsar, kowa ta sunkuyar da kai.

Ni ban sunkuyar ba, don ina ganin maganar da su take, ni ce aka zalunta. Kwana kaɗan bayan haka, lokacin hutun tara, wata 'yar ajinmu mai suna Luba, 'yar mahauci, ta miƙo mini ɗanwake cikin kwanonta. Na janye hannuna. A rugarmu an rene mu da cewa ba ma haɗa kwano da mahauta. Ban san Malama tana bayana ba. Ba ta yi mini faɗa gaban mutane ba, ta kira ni bayan aji, ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Kin ji zahin abin da anka yi maki, sai kika ɗauke shi ɗungum kika kai ma wata. Ina jin kunyarki yau, Hadiza." Da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Washegari na nemi Luba na ci daga kwanonta, har yau ita ce aminiyata.

Aikin gida da ta ba mu kan wannan babi ba daga littafi ba ne. Ta ce kowa ta je ta tambayi tsofaffin gidansu, ko an taɓa son wulaƙanta wani a garinsu, jama'a suka ƙi. Muka dawo da labarai iri-iri. Wata ta kawo na wani kuturu da aka hana ɗiban ruwa a rijiyar unguwa, sai matan unguwar suka riƙa karɓar gugansa suna ja masa a gaban kowa har aka gaji aka bari. Wata ta kawo na baƙon da ya mutu ba dangi, aka yi ta nuƙu-nuƙu, manoma suka bar aikin gayya suka ɗauki makararsa. Malama ta raba allo gida uku: wa ya ƙi, su nawa ne, me ya same su. Sai ta ce mu lura da gidan tsakiya. "Mutum guda in ya ƙi, mahaukaci aka ce mai. In sunka kai goma, dole a zauna a saurare su." Mun rubuta don jarrabawa. Ba mu san za mu ga abin da idonmu ba.

Muna aji uku masifar 'yan bindiga ta matso kusa da mu. Mu ta fara taɓawa. Da rana tsaka suka tare garkenmu a daji, suka kora fiye da rabi, suka harbe yayana Sambo da ya bi su yana roƙo. Muka binne shi a ruga. Ban gaya wa kowa a makaranta ba, domin a lokacin idan Bafillace ya ce an kashe masa ɗan'uwa, sai a ce rikicinsu ne na cikin gida. Bayan wata biyu suka tare motar 'yan kasuwa a hanyar Goronyo, suka kashe mutane, cikinsu har da mahaifin Sa'adatu, 'yar ajinmu, wani mai sayar da albasa da kowa ke yabon halinsa.

Gari ya tashi. Samari suka ɗauki sanduna suka tsare hanyoyin shiga kasuwa, suka ce kada Bafillace ko Bafillata ya sake taka ta. Innata ba ta ji labari ba, ta tafi kamar kullum. Ta dawo kafin azahar, zanenta jiƙe da nono, ɓarin ƙwaryarta a hannu. Shekara ashirin tana zama wuri guda a kasuwar nan. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna bakin bukka tana jujjuya ɓarin ƙwaryar, ta ce wanda ya fasa ta, ita ta riƙa ba uwarsa man shanu lokacin da aka haife shi.

Na ci gaba da zuwa makaranta ina raɓe-raɓe. Ranar da Sa'adatu ta dawo bayan zaman makoki, Malama na shigowa sai yarinyar ta miƙe, ta nuna ni ta ce, "Malama, ba ni zama aji guda da dangin waɗanda sunka kashe babana." Na jira Malama ta tsawata mata kamar yadda ta saba. Sai na ga ta ajiye littafi, ta je ta rungume Sa'adatu, yarinyar ta fashe da kuka a ƙirjinta. Zuciyata ta ce mini shi ke nan, ita ma ta bi su. Na ɗauki jakata na fita, ban waiwaya ba.

A ruga an fara ɗaure kaya. Kawuna da gidaje huɗu sun yanke shawarar tashi, Baffa ma ya ce za mu bi su. Daji ba lafiya, gari ba lafiya. Kwana uku bayan barina makaranta, da rana, muka hango mace tana tahowa a ƙasa, tana ɗingishi cikin kara. Mai kabu-kabun da ya ɗauko ta ya sauke ta nesa, ya ce ba zai matso rugar Fulani ba. Malama Rabi ce. Ta yi sallama, ta gaida Baffa da 'yar Fillancin da ta iya, aka shimfiɗa mata tabarma. Kafin ta zauna idonta ya kai kan sabon kabari a gefen zariba.

"Na wane ne?"

Baffa ya ce, "Ɗana ne, Sambo. Su sunka kashe shi, wata biyu ke nan."

Ta juyo gare ni. "Hadiza, mi as sa ba ki hwaɗa mani ba?"

Na ce, "Ba wanda ya tambaye ni, Malama."

Ta zauna a ƙasa, ba ma kan tabarmar ba. Hawaye suka riƙa bin gefen tabarau. Sannan ta ce, "Wanga laihina ne. Wata biyu kina gabana da mutuwa a zuciya, ban gani ba." Ban taɓa jin babba ya ɗauki laifi a gaban yaro ba sai ranar.

Ta roƙi Baffa ya jinkirta tafiya kasuwa biyu. Baffa mutum ne mai kunya, bai iya musu da baƙo ba, amma ya ce, "Malama, mun gode. Sai dai ke mace guda ce, su ko gari ne."

Ta ce, "Shi as sa ba ni zuwa ni kaɗai. Ka ba ni kasuwa biyu, Malam Buba. In ban iya ba, da kaina za ni zo in taya ku ɗaurin kaya."

Abin da ta yi bayan haka Luba ce ta ba ni labari. Ta shiga aji ta gaya musu mutuwar Sambo, ta ce a yi masa addu'a tare da mahaifin Sa'adatu. Sannan ta ce su tuna allon nan mai gida uku, yau su ne a kansa. Ta ce ba ta son yarinya ko ɗaya ta je kasuwa, abin da take so kowa ta koma gida ta tambayi kakarta ko gwaggonta, wa za ta iya rako masu nono ranar kasuwa. Yawancinsu zagi suka sha a gida. Iyaye uku suka hana 'ya'yansu zuwa ajinta. Ita kuma bayan an tashi sai ta bi gidajen masu fura, waɗanda sana'arsu ta tsaya tun da nono ya yanke, ta je wurin uwargidan liman, ta je wurin mai unguwa, wanda ya ce shi bai sa ta ba, bai kuma hana ta ba.

Ranar kasuwa da safe muka iso bakin gari, wajen rumfunan albasa. Mata shida ne suka yarda suka fito daga rugage, ni ina bayan Innata. Muka tarar da Malama da tsofaffi tara, har da kakar Luba. Na ƙirga su sau biyu ina fatan na yi kuskure. Malama ta karɓi gammon Innata ta ɗora, ta ce a ɗora mata ƙwaryar. Ba ta iya ɗaukar nono ba, tana tafiya yana zuba yana bin goshinta. Kowace Bafillata ta samu tsohuwa a gefenta, muka nufi kasuwa. Mutane suka bar abin da suke yi suna kallo.

A bakin kasuwa samarin suka sha gabanmu. Na gaba cikinsu Garba ne, wanda Malama ta koyar tun tana aiki a firamare. Ya ce, "Malama, don Allah ki koma. Ba da ke muke ba."

Ta ce, "Da ni kuke, Garba. Ga ƙwarya bisa kaina. In hwasawa za ku yi, ka hwara da wagga."

Ya tsaya da sanda a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. Sai wani daga bayansu ya ɗaga murya ya ce, "Ku ture ta! Mi ɗiyar bayi ta sani ga zahin 'yan gari?"

Ni ban taɓa jin wannan magana game da ita ba, amma daga fuskokin tsofaffin na gane abu ne da kowa ya sani, ba a dai faɗa. Malama ta juya a hankali don kada nonon ya zube, ta nemi inda muryar ta fito.

"Gaskiya ka hwaɗi. Kakar uwata da igiya anka kawo ta garin ga. Na girma ina jin ana ce muna abin da ka ce. Shi as sa in na ga abin ga nika gane shi, ko wace riga ya sanyo. Yau Hillani ne. Ban san ko su wane ne gobe ba, kai ma ba ka sani ba."

Wani ya wurgo dutse. Ya sami ƙwaryar wata mata da ke gefena, ta tarwatse. Na biyu ya sami Malama a kafaɗa, ta yi tangaɗi, ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu. Na tabbata da an ƙara minti guda da an zubar da jini.

A lokacin ne wata tsohuwa ta taso daga inda masu daddawa ke zama, tana dogara sanda, ƙoƙo a hannunta. Iya Tumba ce, kakar Sa'adatu, uwar mamacin. Ba ta cikin waɗanda suka yi wa Malama alkawari, an ce ma korar ta ta yi da ta je gidan. Samarin suka buɗe mata hanya, suna tsammanin ta zo ne ta tsine mana. Ta tsaya gaban Innata ta dube ta, ta miƙa ƙoƙon ta ce, "Auna mani." Sannan ta juya ga samarin. "Ni anka kashe ma ɗa, ba ku ba. Wanda ya kashe shi bindiga ya riƙo. Wagga mata ƙwarya ta riƙo, shekara ashirin ina ganin ta. Kada wanda ya ƙara dukan mace da sunan ɗana."

Aka sauke wa Malama ƙwaryar. Innata ta auna nonon. Garba ya sauke sandarsa ya juya, wasu suka bi shi, wasu suka tsaya suna zagi har suka gaji. Muka zauna. Ba zan ce gari ya sauya a ranar ba. Mutane da yawa sun wuce mu ba su ko dube mu ba, rabin nonon muka koma da shi. Amma kasuwa ta gaba matan da suka fito rakiya sun haura ashirin, ta uku kuwa ba a buƙaci rakiya ba.

Baffa ya kwance kayansa. Kawuna bai kwance ba, ya ce abin da ya gani ya ishe shi. Suka tashi da gidajen nan huɗu, da 'yan'uwan da muka tashi tare. Shekarar farko muna jin labarinsu, daga baya ya yanke.

Malama ta biya abin da ta yi da tsada. Aka kai ƙararta cewa tana cusa ɗalibai cikin rikicin gari. Ba a kore ta ba, aka mayar da ita wata makarantar ƙauye wajen Taloka, a lokacin da malamai maza ke neman hanyar gudu daga wannan yanki. Wasu maƙwabtanta suka daina amsa gaisuwarta. An daina kiran ta biki a gidajen da a da ita ke kan gaba. Shekara huɗu tana bin wannan hanya bisa babur, da ciwon suga a jikinta, da kafaɗar da ba ta sake ɗaguwa sosai ba. Mijinta, Malam Isa, tela ne mai sanyin hali, ya roƙe ta ta ajiye aikin. Ta ce yaran can ma yara ne.

A gidanta na zauna na rubuta jarrabawa, domin hanyar ruga ta yi hatsari. A nan na ga ba ƙarfe ba ce. Takan dawo ta kwanta a tabarma ba ta iya ko cire takalmi, ni da Maryam mu cire mata. Takan yi fushi kan abin da bai kai ba, ta yi wa kowa faɗa, bayan sa'a guda ta kira mu ta raba mana gyaɗa. Na taɓa yi mata ƙorafi cewa Sa'adatu har yanzu ba ta yi mini magana. Ta ce, "Ki ƙyale ta. Ita ma an zalunce ta. Ba a tilasta ma mai ciwo ya yi dariya don ke ki ji daɗi." Na kuma tambaye ta dalilin da ya sa ta rungumi Sa'adatu a ranar, ta bar ni. Ta ce, "Ita ce ke nutsewa a gabana. Ban san ke ma kina cikin ruwan ba." Har muka gama makaranta Sa'adatu ba ta yi mini magana ba. Na gan ta a gidan makokin Malama, da goyo a bayanta. Ta matsa mini wuri a tabarma, na zauna.

Ganina na ƙarshe da Malama wata biyu ne kafin rasuwarta. Ciwon ya taɓa ƙodarta, ƙafafunta sun kumbura, idonta ya rage gani. Ta tambaye ni me nake koya wa yara, na gaya mata, ta gyara mini abu biyu. Sai ta ce, "Kun ji labarin su kawunki?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ina tuna su. Ƙohwar kasuwa guda na tsaya, Hadiza. Kasuwanni nawa ne ƙasar ga? Wani lokaci in na kwanta sai in ce, anya na yi wani abu?"

Na so in ce mata ni ce abin da ta yi, ni da Innata da Baffa da ƙannena da ke makaranta yanzu. Kunya ta hana ni, irin kunyar da aka rene mu da ita. Na ce mata kawai Allah ya ba ta lafiya, zan dawo idan an yi hutu. An yi hutun, na ce sai mako mai zuwa, makon ya zo na sake ɗagawa. Wannan amsa da ban ba ta ba ita ce ta fi ci mini rai, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranar addu'ar uku na shiga gaida Malam Isa. Na same shi zaune gaban kekensa na ɗinki, bai ɗora komai a kai ba. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakinta. Sannan ya ce, "Shekara talatin da biyu tana gardama da ni, ɗiyata. Kullum ina ce mata ta rage, mutane ba su son gaskiya da yawa. Yau ga gidan shiru yadda nika so, na ko kasa zama cikinai."

Ya Allah, ga baiwarka Rabi ta zo gare ka, ba ta da kowa sai kai. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yafe mata zafin harshenta, ka karɓi kyawawan ayyukanta. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Yadda ta tsaya wa waɗanda ba su da mai tsaya musu, ka tsaya mata ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka ba Malam Isa haƙuri, ka raya Maryam da ƙannenta bisa tafarkin uwarsu. Ka ji ƙan Sambo, ka ji ƙan mahaifin Sa'adatu, da duk waɗanda aka kashe ba su san laifinsu ba. Waɗanda suka tashi ba mu san inda suke ba, ka tsare su inda suke. Ka dawo mana da zaman lafiya a Wurno da Rabah da Goronyo da ƙasa baki ɗaya. Mu kuma da ta bari riƙe da alli, ka ba mu ko kaɗan daga ƙarfin zuciyarta, ka kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.